FILIN KIMIYYA DA FASAHA: Likitan Da Ya Yi Jinyar Tsofaffin Kwamfutoci Shekara Goma Sha Ɗaya

Ran 5 ga watan Oktoba, 2021, wani likita mazaunin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Dokta Cameron Kaiser, ya fitar da kashi na ƙarshe na wata manhaja mai suna TenFourFox, sa'an nan ya ajiye aikin, kamar yadda ya shaida wa jama'a tun cikin watan Maris na wannan shekarar. Labarin bai yi wani amo ba a duniya. Amma ga mutanen da ke riƙe da tsofaffin kwamfutocin kamfanin Apple, ranar ta zama kamar ranar da makanike ɗaya tilo da ya san injin motarsu ya kulle gareji ya tafi gida. Kwamfutocin nan lafiyarsu lau, suna tashi in an kunna su, suna buga wasiƙa, suna lissafi, suna ajiye hotuna. Abin da ya gagare su shi ne intanet, kuma shekara goma sha ɗaya likitan nan ya yi yana hana ƙofar ta rufe musu.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san yadda ginin yake. Kwamfuta hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai ƙwaƙwalwarta, watau furosesa, wadda ke jin wani yare nata na lambobi, kuma kowane irin furosesa da nasa yaren. A bisanta akwai babbar manhaja, irin su Windows ko Mac OS, wadda ita ce uwar gida mai riƙe da mabuɗan ɗakuna. Sa'an nan a bisan wannan akwai burauza, manhajar da ake shiga intanet da ita, irin su Firefox da Chrome. Idan masu yin burauza suka juya wa wata babbar manhaja baya, to, mai kwamfutar ya zauna ke nan da tsohuwar burauzar da ke hannunsa, duniya kuwa ba za ta tsaya jiransa ba.

Can da farko, shafin intanet kamar wasiƙa yake. An rubuta, an aiko, aikin burauza kawai ta shimfiɗa wa mai karatu. A cikin shekarar 1995 al'amarin ya sake. Wani ma'aikacin kamfanin Netscape, Brendan Eich, ya tsara wani yaren umarni cikin kwana goma a watan Mayu na shekarar, wanda daga baya aka raɗa wa suna JavaScript. Da shi shafi ya sami ikon ba burauza umarni: in an danna nan a yi kaza, in mutum ya cike fom bai sa shekarunsa ba a tsai da shi. Burauzar Netscape Navigator 2.0, wadda ta fito a 1996, ta zo da wannan yare, ta kuma zo da wata ƙofa ta biyu, watau hanyar maƙala mata ƙananan manhajojin waɗansu kamfanoni, waɗanda ake kira fulogin. Ta wannan ƙofa Flash ta shigo da majigi da wasanni, Java ta shigo da ayyukan bankuna da ofisoshi, QuickTime da RealPlayer suka shigo da sauti da bidiyo. Abubuwan nan biyu, rubutun umarni da fulogin, tare aka haife su, amma halinsu ya bambanta ƙwarai, kuma duk wanda ya ɗauki nauyin raya tsohuwar kwamfuta sai ya yanke shawara a kan kowannensu daban.

Yadda Aka Bar Su A Baya

Cikin watan Yuni, 2005, shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya ba da sanarwa cewa kamfanin zai bar furosesar PowerPC, wadda yake amfani da ita tun 1994, ya koma ga ta kamfanin Intel. Shekara biyu kacal kafin wannan, a 2003, kamfanin ya sayar wa jama'a kwamfutar Power Mac G5, babbarta a kan dala 2,999, yana yi mata kirari da cewa babu irinta wajen sauri. Sababbin injunan Intel suka fara fitowa a watan Janairu, 2006. Babbar manhajar Mac OS X 10.5 ta 2007 ita ce ta ƙarshe da ta yarda da PowerPC. Wadda ta biyo ta a 2009 ba ta ko hawa tsofaffin injunan. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Adobe ya tsai da Flash ta PowerPC a kan lamba 10.1. Ƙungiyar Mozilla, masu yin Firefox, ta ce daga Firefox 4, wadda ta fito a watan Maris, 2011, ba ruwanta da PowerPC.

Sa'ar da aka yi ita ce, Firefox manhaja ce da aka bar asirinta a buɗe, kowa yana da iznin ɗaukar rubutunta ya gyara ya rarraba. A ƙarshen shekarar 2010, tun Firefox 4 na matakin gwaji, Dokta Kaiser ya ɗauki rubutun ya mai da shi yadda zai hau Mac OS X 10.4, wadda ake yi wa laƙabi da Tiger, da kuma 10.5. Daga lambar nan ta 10.4 sunan TenFourFox ya samo asali. Kowane fitowa sai ya yi iri huɗu, domin furosesar PowerPC ɗin ma gida-gida ce: ɗaya na G3, biyu na G4, ɗaya na G5. Duk wannan a lokacin hutunsa yake yi, ba da ladan kowa ba, da taimakon waɗansu tsirarun masu sha'awa. Har zuwa shekarar 2021, aikinsa na cin abinci shi ne babban jami'in kiwon lafiyar jama'a na gundumar Riverside, mai mutum fiye da miliyan biyu, kuma yana kan wannan kujera annobar korona ta sauka a 2020.

Wahalar Tafinta

Babban aikin da ya sha masa kai shi ne na JavaScript, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin nan ne gizo ke saƙa.

Furosesa ba ta jin JavaScript. Dole a cikin burauza a sami tafinta mai juya umarnin shafi zuwa yaren lambobin furosesa. Tafinta iri biyu ne. Akwai mai fassara jimla bayan jimla, wanda ko an maimaita masa magana ɗaya sau dubu sai ya sake fassara ta sau dubu. Irin wannan yana da sauƙin ginawa, yana kuma aiki a kowace irin kwamfuta, sai dai nawarsa ta yi yawa. Akwai kuma mai wayo, wanda in ya lura ana yawan maimaita wani umarni sai nan take ya rubuta shi gaba ɗaya cikin yaren furosesa ya ajiye, in an sake bukata ya miƙa kawai. Wannan na biyun yakan ninka na farko sauri sau da yawa. Tun da kamfanin Google ya fito da Chrome a watan Satumba, 2008, da irin wannan tafinta mai sauri, sai tsere ya ɓarke tsakanin masu yin burauza, masu gina shafuka kuwa da suka ga hanya ta yi faɗi sai suka riƙa ƙara wa jaki kaya.

Matsalar ita ce, tafinta mai wayo dole ya ƙware a yaren furosesar da yake yi wa aiki. Mozilla tana kula da na Intel, tana kula da na ARM da ke cikin wayoyin hannu, amma na PowerPC ta bar wa mai so. Likitan da abokan aikinsa su suka zauna suka gina shi, umarni bayan umarni. Ba su gama shan ruwa ba Mozilla ta sake injin nata. Na farko sunansa TraceMonkey, ya zo a 2009; aka kawo JaegerMonkey a 2011; aka kawo IonMonkey a farkon 2013. Duk sa'ad da aka sake inji, sai a rushe yawancin abin da aka gina wa PowerPC a sake sabon harsashi. Na ƙarshen da Dokta Kaiser ya gina, wanda ya sa wa suna IonPower, ya fito tare da TenFourFox 38 a shekarar 2015, kuma da shi kwamfutar da ta haura shekara goma ta ci gaba da buɗe shafukan da tsohuwar burauzar Apple ta daɗe da kasawa.

Akwai kuma wata ƙaramar ƙaya mai wuyar cirewa. Idan kwamfuta za ta ajiye babbar lamba, takan yanka ta gida-gida. Tsofaffin injunan PowerPC sukan fara ajiye babban gida, na Intel kuwa ƙaramin gida suke farawa da shi, kamar dai yadda boko ke farawa daga hagu, ajami ya fara daga dama. Shekara da shekaru wannan bai dami shafukan intanet ba. Amma da aka ba JavaScript ikon taɓa lambobi kai tsaye, sai masu gina shafuka suka riƙa rubutu bisa zaton duk duniya tsarin Intel take bi, tun da ba su taɓa ganin wani ba. Shafi sai ya karanta lamba a birkice ya tsaya cik. Maganin da likitan ya yi shi ne ya sa burauzarsa ta riƙa juya waɗannan lambobi a ɓoye, har shafin ya ɗauka a kan Intel yake. Irin wannan aiki ba a ganinsa, ba a kuma gode wa mai yinsa, domin in ya yi kyau abin da mutum zai gani kawai shi ne shafi ya buɗe.

Baƙon Da Aka Hana Masauki

A kan fulogin kuwa shawararsa ta sha bamban, kuma ita ta fi jawo masa ƙorafi. Tun a shekarun farko ya kashe su a cikin TenFourFox, daga baya ya toshe ƙofar ɗungurungum. Mutane da yawa sun ji haushi, domin a wancan zamani kusan duk bidiyon intanet da Flash ake kallonsa, kuma mai tsohuwar kwamfuta yana ganin an raba shi da ɗan abin da ya rage masa.

Amma in aka auna, hujjarsa ta fi ƙarfi. Umarnin JavaScript baƙo ne da aka tsayar a zaure: burauza ce ke karanta shi, ita ke yanke abin da za a yi masa da abin da za a hana shi, kuma in an ga ɓaraka a bangon zauren, mai gyaran burauza yana iya liƙewa. Fulogin kuwa baƙo ne da aka shigar har ƙuryar ɗaki aka danƙa masa mabuɗai. Yana magana da furosesa kai tsaye, yana da duk ikon da mai kwamfutar yake da shi, yana iya karanta takardu, yana iya gogewa. Bugu da ƙari, asirin Flash a rufe yake, ba mai iya gyara ta sai kamfanin Adobe, shi kuwa ya riga ya wanke hannunsa daga PowerPC. Duk ramin da aka gano aka toshe a sabuwar Flash, a tsohuwar yana nan a buɗe har abada, kuma sanarwar gyaran ita kanta ta zama taswira ga ɓarawo. Ba a daɗe ba aka ga misali. A watan Afrilu, 2012, aka gano wata muguwar manhaja mai suna Flashback ta shiga kwamfutocin Apple fiye da 600,000, yawanci ta wani rami da ke cikin fulogin ɗin Java. Apple ya aika da gyara ga sababbin manhajojinsa, amma Tiger ba ta samu ba.

Likitan bai bar mutanensa hannu rabbana ba. Ya yi wata 'yar dabara mai tura bidiyo zuwa manhajar QuickTime a waje da burauza, ya kuma yi amfani da wani sashe na furosesar G4 da G5 mai suna AltiVec domin hanzarta sabon tsarin bidiyo wanda ba ya bukatar fulogin. Sannu a hankali manyan kamfanoni suka zo inda yake tsaye. Steve Jobs ya riga ya hana Flash shiga iPhone, ya kuma bayyana dalilansa a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Afrilu, 2010. Chrome ta rufe tsohuwar ƙofar fulogin ta Netscape a watan Satumba, 2015. Firefox 52 ta rufe ta a watan Maris, 2017, in ban da Flash. Ran 31 ga watan Disamba, 2020, Adobe da kansa ya yi wa Flash jana'iza, daga ran 12 ga watan Janairu, 2021 kuma ta daina aiki.

Wanda ya ga abin da ya faru a Afirka ta Kudu a wannan watan zai gane haɗarin gina gida a filin aro. Hukumar tara haraji ta ƙasar tana da waɗansu fom-fom da aka gina a kan Flash, kuma ranar mutuwar ta zo ba ta gama sauya su ba, alhali Adobe ya ba da sanarwa tun watan Yuli, 2017. Da masu biyan haraji suka kasa cike takardunsu, sai hukumar ta fito da burauza tata ta musamman, wadda aka bar Flash da rai a cikinta, ta ce jama'a su sauke su yi aiki da ita. Wa'adin shekara uku da rabi bai ishe ta ba. Ajiye tsofaffin wasanni da majigin Flash domin tarihi kuwa wata hanya aka bi: wata manhaja mai suna Ruffle tana kwaikwayon Flash a cikin zauren burauza ba tare da an ba ta mabuɗi ba, kuma ma'ajiyar Internet Archive ta fara aiki da ita a watan Nuwamba, 2020. Sai dai Ruffle tana bukatar sabuwar burauza, saboda haka tsofaffin injunan da aka yi wasannin domin su ba sa cin moriyarta. Abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori.

Inda Ƙarfi Ya Ƙare

Abin da ya kai TenFourFox ƙasa a ƙarshe abu biyu ne. Na farko, bayan Firefox 45 ta shekarar 2016, Mozilla ta fara gina sassan burauzarta da wani sabon yaren rubuta manhaja mai suna Rust, ta kuma rarraba aikin burauzar gida-gida ta hanyar da Tiger ba za ta iya ɗauka ba. Babu kayan aikin Rust da ke gudana a kan waɗannan tsofaffin injuna. Dole likitan ya tsaya a kan 45, ya riƙa tsinto gyare-gyaren tsaro da sababbin abubuwa daga sababbin Firefox yana ɗinka wa tsohuwar riga da hannu. Ya yi haka har sau talatin da biyu.

Na biyu, kuma shi ne mafi muni, yaren JavaScript ɗin kansa ya ƙi zama wuri ɗaya. A watan Yuni, 2015, aka yi masa gagarumin garambawul, daga nan kuma aka mai da shi al'ada a ƙara masa sababbin kalmomi da ƙa'idoji kowace shekara. Shi kuwa yaren kwamfuta ba kamar na mutane ba ne, inda in baƙo ya ji kalma ɗaya da bai sani ba zai ƙaddara ma'anarta daga sauran maganar. Tafintan burauza in ya ci karo da ƙa'ida ɗaya tak da bai sani ba, sai ya watsar da takardar umarnin baki ɗaya. Da shafuka suna nan kamar wasiƙa, da sauƙi: mutum ya rasa ado, ya karanta rubutu. To, amma shafuka da yawa na yanzu ba dafaffen abinci suke aikowa ba, cefane suke aikowa da takardar yadda za a dafa, burauzar mai karatu ita ce kuku. In kuku bai gane takardar ba, sai a ajiye wa mutum farin kwano, watau shafi fari fat babu ko harafi. Wata ƙa'ida da aka shigar a 2017, wadda ke ba umarni damar dakatawa ya jira amsa daga nesa, ta zama ruwan dare a shafuka, kuma dasa ta cikin tsohon injin 45 ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai wani aikin a gabansa.

Dokta Kaiser yana da wata burauzar ta biyu, Classilla, wadda ya fara a 2009 domin manhajar da ta fi Tiger tsufa, watau Mac OS 9. A can bai ko yi ƙoƙarin shiga tseren ba. Ya sa burauzar ta riƙa gabatar da kanta ga shafuka a matsayin wayar hannu, domin a aiko mata da ɗan ƙaramin shafi marar nauyi irin wanda ake aika wa wayoyi. Dabarar ta yi aiki muddin masu shafuka suna ajiye irin waɗannan ƙananan shafuka. Da wayoyi suka yi ƙarfi aka daina yi musu girki daban, sai dabarar ta mutu. Ita ma Classilla a 2021 aka rufe littafinta.

Ba a gidan Apple kaɗai ake wannan fama ba. Windows XP, wadda ta fito a watan Oktoba, 2001, kamfanin Microsoft ya daina kula da ita ran 8 ga watan Afrilu, 2014; Chrome ta bar ta a 2016, Firefox ta bar ta a 2018. Masu sa kai suka fito da irin su Mypal da Supermium domin cike gurbin. Ga kwamfutocin da suka fi haka rauni, irin na RISC OS da Amiga, akwai NetSurf, wadda aka fara a 2002, aka kuma dasa mata wani ɗan ƙaramin tafinta mai suna Duktape. Tana da sauri wajen shimfiɗa rubutu, amma manyan shafukan zamani sun fi ƙarfinta. Duk waɗannan ayyuka abin yabo ne. Sai dai dole a faɗi gaskiya: sabuwar burauza a kan babbar manhajar da aka daina gyarawa kamar sabon ƙyaure ne a jikin katangar da ta zube. A watan Mayu, 2017, da muguwar manhajar WannaCry ta bazu a duniya har ta tsai da aiki a asibitocin Ingila, ba ta burauza ta shiga ba, ta wani rami ne a jikin Windows kanta, har sai da Microsoft ya karya ƙa'idarsa ya aika wa XP gyaran gaggawa. Wanda zai shiga asusun bankinsa da irin wannan kwamfuta ya san da haka.

Abin Da Ya Shafi Nijeriya

Mai karatu yana iya cewa wannan duk rigimar masu sha'awar kayan da ce a Turai da Amurka. A can lalle yawanci sha'awa ce. A nan kuwa larura ce, domin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, da ƙananan makarantu, da ofisoshi da dama, 'yan gwanjo ne da aka sauke a Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba suka watsu cikin ƙasa. Sun riga sun ci rabin shekarunsu kafin su iso. Windows 7, wadda da yawansu suka zo da ita, an daina kula da ita ran 14 ga watan Janairu, 2020, kuma Chrome 109 ta farkon 2023 ita ce ta ƙarshe da ta hau ta. A daidai wannan lokaci ne kuma neman gurbin karatu, da neman aiki, da biyan kuɗin makaranta, da neman fasfo suka koma intanet. Ɗalibin da shafin rajista ya buɗe masa fari fat ba zai san cewa wata ƙa'idar JavaScript ce ta fi ƙarfin burauzar shagon ba. Zai ce netiwok ne, ya sake biyan kuɗin awa ɗaya.

'Yan Nijeriya ma sun riga sun san wata mafita, ko da ba su san sunanta ba. Burauzar Opera Mini, wadda aka buɗe wa duniya a farkon 2006, ita ta shigar da miliyoyin mutane intanet a kan ƙananan wayoyin Nokia. Sirrinta shi ne ba wayar ke dahuwa ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne a can nesa ke karɓar shafin, su bi umarninsa, su matse shi, su aiko wa wayar dafaffe. Masu tsofaffin kwamfutoci suna bin irin wannan hanya yanzu, suna ajiye wata sabuwar na'ura a tsakani tana yi musu fassara. Amfaninta a fili yake, illarta kuma ita ce duk abin da mutum ya rubuta sai ya ratsa ta hannun ɗan tsakani.

Duk da haka, inda gyaran ya fi araha shi ne wajen mai shafi. Gwamnatin Ingila ta sa ƙa'ida ga masu gina shafukanta na hidimar jama'a cewa a fara gina su yadda za su yi aiki da rubutu tsantsa, sa'an nan a ɗora JavaScript a bisa domin ƙarin sauƙi, yadda in umarnin ya kasa, fom ɗin zai ci gaba da aiki. Wikipedia ana karanta ta ko an kashe JavaScript gaba ɗaya. Fom mai tambayar suna da ranar haihuwa da lambar jarrabawa ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfin kwamfutar 2005. Shagon sai da takalma yana da 'yancin ƙawata shafinsa yadda ya ga dama, wanda bai iya shiga ba ya tafi wani shagon. Hukumar da ba ta da kishiya kuwa, wadda dole ta ƙofarta za a bi, ba ta da wannan 'yanci, kuma ya kamata duk mai ba da kwangilar gina irin wannan shafi ya sa a gwada masa shi a kan tsohuwar kwamfuta kafin ya sa hannu a takardar biya. Abin takaici, iskar tana kaɗawa ne ta ɗaya ɓangaren: a farkon 2024 Google ya janye sassauƙan shafin Gmail, wanda masu tsofaffin injuna da masu raunin netiwok suka daɗe suna dogara da shi.

Ayarin waɗanda za a bari a baya kuma ƙaruwa yake yi. Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, wa'adin Windows 10 ya cika, in ban da ɗan ƙarin lokaci da aka ba waɗanda suka yi rajistar neman gyaran tsaro. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da kwamfutoci masu ɗimbin yawa, masu ƙarfi da lafiya, ba su cika ba, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ofisoshin Turai da Amurka za su sauke waɗannan injuna, kuma an san tashar jiragen ruwan da da yawansu za su nufa. Waɗansu za a ɗora musu Linux, wadda har yanzu take samun sababbin burauzoci, su ƙara shekaru suna aiki. Sauran za su zauna da abin da suka zo da shi har ranar da Chrome da Firefox za su ɗauke kai daga gare su.

Game da TenFourFox kuwa, rubutunta yana nan a buɗe inda likitan ya bar shi. Waɗansu masu sha'awa sun ɗauka sun ci gaba da harhaɗa ta ƙarƙashin sunaye irin su InterWebPPC da Aquafox, suna liƙe abin da ya liƙu. Injin da ke cikinsu dai har yanzu na Firefox 45 ne, na shekarar 2016.